Ku Tambaya Mu Amsa: Fulawar da ta tsallake katanga

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na taɓo maganar fulawowin ado a fitowar da ta wuce, inda nace wasunsu in suka kuɓuce daga gida suna zama annoba a daji da cikin ruwa, saƙonni suke ta shigowa, wasu tambaya, wasu kuma ƙorafi ne zalla musamman daga 'yan'uwanmu masu sana'ar fulawa. Na ɗauko guda biyar, sauran sai wani jiƙon in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah mun tare a sabon gida bara sai nasa aka min ɗan kwarmin ruwa na siminti a tsakar gida harda kifaye, mai fulawar da nake saye a wurinsa ya bani wata shuka guda uku kyauta yace a ɗora kan ruwan kawai bata buƙatar ƙasa, tana da fure shuɗi-shuɗi mai kyau wallahi kowa yazo sai ya tanka. To yanzu ta cika ruwan dam ko kifin bama gani, duk sati sai yaron gida ya kwasa ya zuba a kwata. Ɗana dake jami'a yazo hutu yace wai haramtacciya ce a wasu ƙasashe. Ni dai nasan kainuwa tun muna yara a kududdufin garinmu kuma bata kashe kowa ba. Meye gaskiyar magana?
Daga wata uwa, Kaduna

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kafin komai dan Allah yau ɗin nan a hana yaron nan zubawa a kwata, sannan mu yi magana.

Ɗanki yana da gaskiya. Wannan ba ita bace kainuwar da kika sani ba, duk da mutane da yawa sunan da suke kiranta dashi kenan. Kainuwarmu ta kududdufi ganyenta a buɗe yake kamar latas, mai laushi da gashi-gashi, kuma ba za ki ga wani furen a zo a gani a jikinta ba. Wadda aka baki kuwa ki ciro guda ɗaya ki duba, ganyen yana sheƙi kamar an shafa masa mai, gindin ganyen a kumbure yake kamar ƙaramin gora, in kika matsa sai kiji kamar soso, shi ke sa ta yawo a kan ruwa, saiwar kuma baƙa ce mai yawa kamar gashi. Masana na ce mata Eichhornia, 'yan'uwanmu na Nijar sun fi saninta da sunan Faransanci jasint. Asalinta daga yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma ba iska ce ta kawo ta ba, ba dashen Allah bace irin na karin magana, mutane ne suka riƙa ɗaukarta hannu da hannu saboda furen nan dai da ya burge ki.

A 1884 an nuna ta a wani babban bajekoli a birnin New Orleans na Amurka, mutane suka kai gidajensu suka sa a tafkunan ado, da ta cika musu sai suka yi abinda yaronki keyi, suka watsa a rafi. Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara kasa wucewa a kogin St. Johns na Florida. Haka aka kai ta Masar a ƙarshen ƙarni na 19 dan ƙawata lambuna. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ta bayyana a Farin Nilu a Sudan. Mu nan Najeriya a 1984 ta shigo ta ruwan Badagry daga ɓangaren Jamhuriyar Benin, kuma har yau duk shekara sai ta toshe wa masu kwale-kwale hanya a Legas. Tana kogin Kwara, mutanen Yamai sun santa, masuntan tafkin Kainji ma sun santa. A tafkin Victoria kuwa wajen 1998 ta rufe sama da hekta 17,000, tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya ta tsaya, masunta suka rasa ta inda zasu jefa koma, harma tana toshe mashigar ruwan injinan wutar lantarki a Jinja ta Uganda. Sai da aka nemo wasu ƙananan ƙwari daga can ƙasarta ta asali masu cin jikinta aka saki, sannan aka samu sa'ida.

Abinda yasa take da wuyar sha'ani, in ta samu ruwa mai datti da zafin rana irin namu cikin kamar sati biyu take ninka kanta, ai kin gani da idonki, guda uku aka baki. In ta rufe ruwa haske baya shiga, iskar da kifi ke shaƙa a ruwan tayi ƙasa, kifi ya mutu ko ya gudu, sauro ya samu gida, dodon koɗin dake ɗauke da tsargiya shima ya samu maƙale. Irinta kuma yana iya kwanciya cikin taɓo sama da shekara 20 ya tsiro. Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun 2016.

Kwatar unguwarku in aka yi ruwan sama ina take zuwa? Kogin Kaduna. Shi kuma ya gangara ya haɗu da Kwara. To kinga. Abinda za ayi, a kwashe ta kaf a shanya a kan siminti nesa da magudanar ruwa har ta bushe ƙarau, sannan a ƙone ko a binne a rami ta zama taki. In kina son fure a kan ruwan ki nemi bado, namu ne na gida, furensa fari tas kuma kifinki zasu sha inuwarsa. Sannan in kin koma wurin mai fulawar ki gaya masa cikin mutunci, nafi zaton shima bai sani ba.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya banji daɗin rubutunka ba. Shekara 14 ina sana'ar fulawa a bakin titi, da ita nayi aure da ita nake biyan kuɗin makarantar yara, akwai yara shida dake cika min leda da ban ruwa suma anan suke ci. Yanzu kazo kana cewa mu muke kawo annoba. Shin mangwaro ba baƙo bane? Dogon yaro fa? Tumatir da masara fa? In baƙon tsiro laifi ne ai sai a sare rabin itatuwan Kano. Mu talakawa ne bamu da jirgin da muke shigo da komai, abinda kwastoma ya tambaya shi muke kawowa. Ku 'yan boko kullum sai kun nemo abinda zai kashe wa talaka kasuwa.
Daga mai sayar da fulawa, Kano

AMSA: Ɗan'uwa na gode da ka faɗi abinda ke ranka, kuma Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Nima a wurin irinku nake sayen dashe, nasan wahalar jan ruwa a watan Afrilu dan kar leda ɗari biyar su ƙone a wuni ɗaya. Ba kasuwarka nake son kashewa ba.

Maganarka ta farko gaskiya ce tsantsa. Mangwaro daga yankin Indiya yazo, masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka, dogon yaro ma sai wajen 1928 aka fara dasa shi a Borno. Mafi yawan baƙin tsirrai in aka kawo su suna zama inda aka ajiye su, in ka daina ban ruwa ma mutuwa suke. Kaɗan ne daga ciki suke tsallake katanga, cikin waɗannan ma kaɗan ne suke zama fitina. Hausawa sunce baƙo raɓa ne, to matsalar ita ce ɗan ƙalilan ɗin nan da rana ke fitowa basu tafi ba, sai ma su kori masu gida. Ko dogon yaron da ka ambata, mu nan alheri ne, amma a filayen dake kewaye da Accra a Ghana ya bazu da kansa yana cinye wurin itatuwan asali.

Yanzu ga inda sana'arku ta shigo, kuma ina so ka duba da kyau tunda kai ka fini sanin kwastoma. In mutum yazo wurinka me yake cewa? A bani wadda take saurin girma, wadda bata mutuwa, wadda ko ba ruwa zata yi, wadda akuya bata ci, wadda ƙwari basa taɓawa, wadda in an yanki reshe an soka zata kama, mai fure duk shekara. To ka sake karanta jerin nan a matsayin manomi ko makiyayi, wallahi siffar muguwar ciyawa kenan ɗaya bayan ɗaya. Abinda ke sa fulawa ta yi kasuwa shi ne dai abinda ke sa ta gagari kowa in ta fita daji. Ba mugunta kowa yayi ba, yanayin cinikin ne yake tace masu taurin kai yana yaɗa su gida-gida, kuma duk gidan da aka dasa wata sabuwar dama ce ta tserewa.

Bari in baka labari biyu. Akwai wani likita Bajamushe, Philipp von Siebold, da yayi aiki a Japan ya dawo ya buɗe gidan rainon tsirrai a Leiden ta ƙasar Holan. Cikin kayan da ya kawo akwai wani tsiro mai kama da gora-gora, wanda Turawa ke kira Japanese knotweed. A 1847 wata ƙungiyar noma da lambu a Utrecht ta bashi lambar zinariya a matsayin sabon tsiron ado mafi ban sha'awa, a 1850 aka aika shi lambun Kew a Landan, daga nan masu gidajen dashe suka yi ta sayarwa. Yau a Ingila in aka ga tsiron nan a filin gidanka banki na iya ƙin bada bashin sayen gidan, saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai, guntun da bai wuce farce ba yana tsirowa, yana fitowa ta tsagin kwalta da siminti. Tun 1981 doka ta hana a sake shi a daji. Abun da zai baka mamaki, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna wanda ya cika Birtaniya duk tsatson uwa ɗaya ne, wato reshe ne aka yi ta yanka ana rabawa, irin dai yadda ku ke yi da yelo bush, fulawar shingen nan mai ganye rawaya.

Na biyu a Amurka ne kuma na kwanan nan. Ma'aikatar noman ƙasar da kanta ta fitar da wani itacen ado a farkon shekarun 1960 mai suna Bradford, dangin tuffa ne daga Sin, fari fat in yayi fure, aka ce baya yin iri mai tsirowa dan haka babu fargaba. Aka dasa miliyoyi a tituna da unguwanni. Sai aka ga rassansa na tsagewa in an yi iska, sai kamfanoni suka fito da wasu nau'o'in 'yan'uwansa da suka fi ƙwari. Ashe shi kaɗai ne baya iya yiwa kansa barbara, da 'yan'uwan suka zo kusa sai ƙudan zuma suka haɗa su, 'ya'ya suka fito, tsuntsaye suka kwasa suka kai gonaki da bakin daji, abun ya zama sarƙaƙƙiya mai ƙaya. Jihar Ohio ta hana sayar dashi daga Janairun 2023, amma ka lura, sai da aka baiwa masu gidajen dashe wa'adin shekara biyar su sallami kayansu su koma wani. Wannan shi nake ganin adalci, ba a wayi gari a zo da mota a kwashe wa mutum jari ba.

Kuma ba ƙananan 'yan kasuwa irinka ne tushen abun ba. Manyan kamfanoni ne da lambunan gwamnati. A Ostareliya kusan kashi biyu cikin uku na baƙin ciyayin da suka kafu a daji daga lambunan ado suka fito. A 2021 masu bincike a Jami'ar Massachusetts suka duba tsirrai 1,285 da aka riga aka tabbatar masu mamaya ne a Amurka, suka tarar kashi 61 cikin ɗari har lokacin ana sayar dasu. An sani, kuma ana sayarwa, wannan kam ni a wurina ba rashin sani bane, son kuɗi ne. Mu ma nan muna da namu, a 1906 Turawa suka kawo wani kwakwan ruwa mai suna nipa daga lambun Singapore suka dasa a Kalaba, yau ya cinye wurare masu yawa na dajin bakin teku inda kifi ke ƙyanƙyasa. Abinda ke ci min rai kenan, wanda ya sayar ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya ya wuce, wanda zai biya kuma masunci ne ko makiyayi da bai taɓa sayen fulawa ba a rayuwarsa, shi da jikokinsa. Rahoton da kwamitin masana na duniya IPBES ya fitar a 2023 yace baƙin halittu masu mamaya, tsirrai da dabbobi gaba ɗaya, suna jawo asarar sama da dala biliyan 423 a shekara.

Kace abinda kwastoma ya tambaya kuke kawowa. Haka ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu masu saye muna da namu kason. Amma ɗan'uwa kaima kasan rabin kwastomominka basu san sunan komai ba, cewa suke wacce zata yi kyau a nan? Kai ne malaminsu a wannan lokacin. Cikin kaya iri ɗari da kake dasu waɗanda nake roƙonka ka ajiye basu fi a ƙirga da yatsu ba: wannan ta kan ruwan, lantana wadda bayaninta ke tafe a tambaya ta gaba, da cactus mai faɗin ganye da ƙaya. Sauran ka ci gaba da cinikinka. In kuma kuna da ƙungiya, cibiyar binciken lambu ta ƙasa NIHORT tana da reshe a Bagauda nan kusa daku, ku je a ƙungiyance ku nemi a zauna daku a tantance.

TAMBAYA: Salam Malam. Mahaifina makiyayi ne, bana da rani muka sauka wani wuri kusa da tsohon gidan gona da aka yi wa shinge da wata fulawa mai ƙananan furanni ja da rawaya a dunƙule ɗaya, yanzu ta bazu ko ina har bakin rafi. Shanunmu basu saba da ita ba suka ci, bayan kwana kaɗan uku suka daina kiwo, idonsu yayi rawaya, fatar hanci da kunne tana saɓulewa suna gudun rana, ɗaya ta mutu. Baba yace sammu ne ko maciji. Ni ina zargin fulawar nan. Ko zata iya?
Daga wani ɗalibi, jihar Filato

AMSA: Allah ya mayar da alheri ƙanena, ka gaida Baba ka yi masa jaje. Ban ga dabbobin ba dan haka likitan dabbobi ne zai yanke hukunci, amma yadda ka siffanta komai ya yi daidai da lantana. Ka koma ka duba, karanta yana da kusurwa huɗu da ƙananan ƙayoyi, ganyen kaushi gareshi kamar sanfefa, in ka murza a hannu wani wari mai ƙarfi zai kama maka yatsu, 'ya'yan kuma ƙanana ne a cure, kore sannan su koma baƙi in sun nuna.

Gubar dake ganyenta hanta take kamawa. In hanta ta kasa aiki sai shawara ta bayyana, shi ne rawayan idon, sannan wani sinadari da ya kamata hanta ta fitar ya taru a jini, in rana ta bugi fatar da bata da kariya sai ta ƙone ta kumbura ta saɓule. Shi yasa suke neman inuwa. Yawanci harda taurin kashi. Kuma dabbar da ta taso a wurin ta kan guje ta, baƙin shanu masu yunwa da rani su ne suka fi faɗawa, kamar dai naku. A janye garken daga wurin, marasa lafiyan a ɗaure su a inuwa sosai da ruwa da abinci mai laushi, a kira likita da wuri dan akwai gawayin magani da ake ɗura musu ya tsotse gubar in ba a makara ba. Kuma a ja wa yara kunne kan 'ya'yan, ɗanyun suna da guba ga mutum.

Ita ma daga yankin tsakiya da kudancin Amurka take. Turawa suka kai ta lambunansu tun ƙarni na 17, suka yi ta haɗa wannan da wancan har aka samu ɗaruruwan launuka, sannan aka rarraba ta ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka a matsayin shinge da ado. Indiya an kai ta a farkon ƙarni na 19, yau ta shiga sama da kashi 40 cikin ɗari na dazukan da damisar ƙasar ke zaune, ta hana ciyawar da barewa ke ci fitowa. A Ostareliya ta rufe wajen hekta miliyan 4. Afirka ta Kudu ta sa ta a jerin da doka ta hana sayarwa kuma dole mai fili ya kawar. Mu kuwa har gobe zaka ganta a leda a bakin titi, kuma na sha ganinta a shingen makarantun firamare, wannan yana tayar min da hankali ƙwarai.

Sara kawai baya kashe ta, ƙona ta ma sau da yawa ƙara mata ƙarfi yake, sai an tono kututturen da saiwarsa, an fi samun sauƙi bayan ruwan sama ƙasa na da laushi, kuma a dawo a cire 'yan tsiron da zasu biyo baya dan tsuntsaye sun riga sun watsa irin. Ka gaya wa Baba makiyayan Laikipia a Kenya ma suna cikin irin wannan, su nasu cactus ne da aka kawo zamanin Turawa dan ado da shinge, ƙayarsa na tsone idon dabbobi tana cika musu baki da ciki da gyambo.

TAMBAYA: Malam mu kachalla ce ta hana mu sakat, ta cinye gonakin shinkafa ta toshe hanyar ruwa ga tsuntsaye jan baki sun samu wurin kwana. Ita ma masu fulawa ne suka kawo mana?
Daga wani manomi, Nguru

AMSA: A'a Baba, wannan kam ba ruwan masu fulawa, kar mu ɗora musu abinda basu yi ba. Kachalla daɗaɗɗiya ce a yankin, da can tana nan jefi-jefi. Abinda ya canja shi ne ruwan. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogi na cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsage, wannan bushewar ita ke taka mata birki. Da ruwa ya koma gudana kusan duk shekara ga laka na taruwa, sai ta samu abinda take so. Dan haka maganinta yana wajen yadda ake sakin ruwa da yashe hanyoyinsa, da yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe. Zan ware mata fitowa guda in sha Allah dan maganar tana da tsawo.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ma'abociyar fulawa ce sosai, ina odar iri ta intanet daga waje, in nayi tafiya ma nakan tsinko reshe in naɗe a tishu in sa a jaka. Bayan na karanta rubutunka jikina yayi sanyi. Yanzu ya zanyi, in daina kenan? Kuma me zan shuka wanda hankalina zai kwanta?
Daga wata ma'aikaciya, Abuja

AMSA: Ƙanwata kar ki daina son fulawa, amma reshen cikin jaka dai a bari. Ba tsiron kaɗai ba, ƙwai na ƙwari da cutar ganye da irin wata ciyawar duk suna maƙalewa su biyo ki. Ciyawar nan da Yarbawa ke kira Awolowo, mutanen Ghana kuma Acheampong, wadda ta addabi gonakin kudu, cikin irin itacen malaina da aka shigo dashi Inugu a shekarun 1930 ta ɓuya ta shigo, ba wanda ya yi niyya. A doka duk mai shigo da iri ko dashe sai ya nemi izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, kuma kayan su zo da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da suka fito. Masu sayarwa a intanet da yawa basu damu da wannan ba, wani ma sunan da ya rubuta daban abinda ke cikin ambulan daban, musamman waɗannan fakitin da ake cewa gaurayen furannin daji.

Dabara mai sauƙi, kafin ki saya ki nemi sunan tsiron na kimiyya, ki bincika ko an hana shi a Afirka ta Kudu ko arewacin Ostareliya ko Indiya. Yanayinsu ya yi kama da namu a wurare da yawa, kuma abinda yafi nuna tsiro zai yi ɓarna shi ne in ya taɓa yi a wani wuri mai irin zafinmu. Waɗanda kike dasu yanzu kuma ki sa musu ido, duk wadda kika ga tana tsirowa da kanta a bayan katanga ko bakin kwata inda ba ki shuka ba, to ta fara nuna hali. Kuma in an yi aski wa fulawa kar a kai rassan bola ko fili, a busar a ƙone.

Abun shukawa kuwa wallahi muna da shi har ya yi yawa, raina shi kawai muke. Ƙarya da kike gani a daji da furenta ja-ja ruwan hoda da gindinta mai kumburi, ita ce fa masu lambu a Tailan suke aurarwa suna sayar wa duniya da tsada, alhali 'yar Sahel ce, sai dai ki kula ruwan jikinta guba ne a nisanta da yara. Minjirya tana fure ja wur da rani kuma reshenta ake sokawa ya zama shinge. Marga in ta zubo furenta rawaya kamar an rataya mata sarƙoƙi. Sansami yana rufe kansa da fure ruwan hoda tun kafin ganye ya fito. Gurjiya ga mai babban fili. Lalle kuma shinge ne da kakanninmu suka sani, ga ƙamshin fure da yamma ga na ƙunshi a hannu. Matsalar da zaki fara cin karo da ita, in kika je bakin titi kika ce a baki dashen minjirya ko sansami da wuya ki samu, za a ce ba a tambaya. Ki ce a rainar miki guda goma ki bada kafin alƙalami, ki dawo bayan wata uku ki karɓa, ki kuma turo min hoto in sun kama.